MANHATTAN TA KANSAS: LABARIN ƘASA, ARZIKI DA TARIHIN WANI GARIN JAMI'A A AMURKA

In aka ambaci Manhattan, tunanin yawancin mutane ya kan tafi tsibirin nan na birnin New York mai dogayen benaye. Amma akwai wata Manhattan dabam, fiye da mil dubu yamma da waccan, a tsakiyar Amurka, cikin Jihar Kansas. Ƙaramin gari ne, ƙidayar shekarar 2020 ta sami mutum 54,100 a cikinsa. Ba shi da ma'adinai, ba shi bakin teku, ba shi kuma da wata babbar masana'anta. Garuruwa da dama da aka kafa tare da shi a wannan yanki sun mutu, ko kufansu ba a gani. Shi kuwa ya tsaya har ya bunƙasa, labarinsa ya iso Samaru ta Zariya. Wannan takarda za ta bi diddigin yadda haka ta kasance, da abin da aka rasa a hanya, da kuma waɗanda asarar ta faɗa wa.

Inda Garin Ya Ke

Manhattan tana arewa maso gabashin Kansas, kamar mil 55 yamma da Topeka, babban birnin Jihar, kuma kamar mil 120 yamma da Kansas City. Ita ce hedkwatar gundumar Riley. An gina ta a kwari, daidai inda kogin Big Blue ya gangaro daga arewa ya faɗa cikin kogin Kansas. Shi kogin Kansas ya kan miƙa gabas har ya zuba a Missouri, Missouri kuma ta zuba a Mississippi. Ƙasar kwarin baƙa ce mai albarka, ga itatuwa a bakin ruwa. Abin da ya fara jawo mutane wurin ke nan, shi ne kuma ya sa garin cikin hatsarin ambaliya tun ran da aka kafa shi.

Kewaye da kwarin akwai tuddai da a ke kira Flint Hills, watau tuddan ƙanƙara, irin ƙanƙarar dutsen nan da a ke ƙyasta wuta da ita. Wani hafsan soja mai yawon binciken ƙasa, Zebulon Pike, ya ratsa su a 1806, daga bayaninsa sunan ya samo asali. Masanan duwatsu sun tabbatar wurin gindin teku ne marar zurfi fiye da shekara miliyan 250 da suka wuce, shi ya sa dutsen farar ƙasa ya yi yawa. Da shi aka gina tsofaffin gidajen garin da manyan gine-ginen jami'a. Ƙasar da ke kan tuddan ba ta da kauri, in an sa garma sai ta ci karo da dutse. Saboda haka manoma suka ƙyale ta, suka bar wa makiyaya.

Wannan ƙyaliya ta zama alheri. A zamanin da, doguwar ciyawa ta rufe tsakiyar Amurka tun daga Kanada har Texas, garkunan ɓaunar Amurka suna kiwo a ciki. Garma ta cinye kusan dukkanta, abin da ya rage bai kai kashi 4 cikin 100 ba, mafi yawansa kuwa a kan waɗannan tuddai ya ke. Babbar ciyawar wurin 'yar'uwar gamba ce ta ƙasar Hausa, masana tsire-tsire sun sa su cikin dangi guda, ta kan kuma yi tsawo har ta shanye mutum. Kowace shekara wajen watan Afrilu makiyaya su kan sa wa dajin wuta don sabon toho ya fito, itatuwa kuma kada su mamaye makiyaya. Kudu da garin akwai wani fili mai suna Konza, kimanin eka 8,600, wanda aka keɓe tun 1971 don nazarin yadda wuta da kiwo da ruwan sama ke sarrafa ciyawar.

Ruwan sama ya kan kai wajen inci 35 a shekara, yawancinsa tsakanin Afrilu da Satumba. Yuli da Agusta akwai zafi ƙwarai, Janairu kuwa ruwa ya kan daskare. Ga guguwa mai tsanani: ta ran 8 ga Yuni 1966 da ta ran 11 ga Yuni 2008 duk sun yi ɓarna a garin, har cikin harabar jami'a.

Masu Ƙasa na Farko

Kafin zuwan Turawa ƙasar ta wata al'umma ce da a ke kira Kansa ko Kaw, daga cikin mutanen Amurka na asali waɗanda Turawa suka laƙaba wa suna Jajayen Indiyawa. Daga sunansu kogin ya sami suna, Jihar kuma ta samu daga kogin. Daga wajen 1780 zuwa wajen 1830 babban ƙauyensu yana kusa da bakin Big Blue, dab da inda Manhattan ta ke yanzu. Suna noman masara da wake da kabewa a kwari, lokaci lokaci kuma su tashi ƙwansu da kwarkwatarsu su nufi yamma farautar ɓauna.

A 1803 Amurka ta sayi yankin Louisiana daga hannun Faransa a kan dala miliyan 15, ƙasar Kaw tana ciki, ba kuwa wanda ya shawarce su. A 1825 aka sa su sa hannu a wata yarjejeniya, suka saki mafi yawan ƙasarsu a kan dala 3,500 kowace shekara har shekara 20. A 1846 aka sake wata, aka matsar da su kudu zuwa Council Grove. A 1873 aka kwashe su dungum zuwa inda yanzu a ke kira Oklahoma. A lokacin cuta da yunwa sun rage su, ba su fi ɗari shida ba. Wani jikansu ta wajen uwa, Charles Curtis, ya zama Mataimakin Shugaban Amurka daga 1929 zuwa 1933, amma wannan ɗaukaka ba ta mayar musu da ko taƙi ɗaya ba. Harshensu, wanda ke cikin dangin harsunan Sioux, ya rasa tsofaffin da suka tashi da shi a baki kafin ƙarshen ƙarni na 20. Jikokinsu suna ƙoƙarin farfaɗo da shi daga abin da masana harshe suka ɗauka suka rubuta.

Rikicin Bauta da Kafa Garin

Ba za a gane kafuwar Manhattan ba sai an san gardamar da ta raba Amurka biyu a tsakiyar ƙarni na 19. Jihohin Kudu sun dogara ga bayi baƙar fata wajen noman auduga, jihohin Arewa kuwa sun hana bauta. Duk sa'ad da za a buɗe sabuwar jiha sai a yi ta ja-in-ja a kan ɓangaren da za ta bi, domin kowace jiha tana da kujera biyu a Majalisar Dattawa. A 1854 Majalisa ta yi doka ta buɗe Kansas da Nebraska, ta ce mazauna kowane yanki su za su yanke wa kansu da ƙuri'a. Nan da nan kowane ɓangare ya shiga tura mutanensa su riga zama. Aka yi maguɗin zaɓe, aka ƙone gidaje, aka zub da jini, har aka riƙa kiran yankin Kansas mai zubar jini.

Tun cikin 1854 waɗansu 'yan tsiraru suka yi sansani biyu a mahaɗar kogunan. George Park ya kira nasa Polistra, Samuel Houston da abokansa suka kira nasu Canton. Cikin Maris 1855 wata ƙungiya ta masu ƙin bauta ta iso daga jihohin arewa maso gabas, a ƙarƙashin wani malamin makaranta ɗan ɗarikar Methodist mai suna Isaac Goodnow. Suka shirya da waɗanda suka tarar, aka haɗe sansanonin, aka sa wa garin suna Boston.

Wannan suna bai yi wata uku ba. Cikin Yuni wani jirgin ruwa mai tafiya da tururi, sunansa Hartford, ya iso daga Cincinnati ta Jihar Ohio da mutum wajen 75, da katakon gidaje da aka riga aka fafe, sai haɗawa kawai. Nufinsu su wuce gaba su kafa nasu gari. Amma ruwan kogin Kansas ya ja baya, jirgin ya kafe a yashi kusa da Boston. Mutanen Boston suna neman jama'a ido rufe, sai suka yi musu tayin rabin filin garin in za su zauna. Baƙin suka yarda bisa sharaɗi guda, watau a sāke wa garin suna zuwa Manhattan, sunan da suka riga suka shirya wa garin da za su kafa. Ran 29 ga Yuni 1855 aka yi haka. Jirgin ya ƙone a kogin cikin wannan shekara, amma an tsirar da ƙararrawarsa, tana nan a garin. A 1857 aka ba Manhattan takardar zama gari mai hukumar kansa.

Mai nazarin harshe zai lura da wani abu a nan. Kalmar Manhattan ba ta Turanci ba ce, ta harshen Lenape ce, mutanen da Turawa suka tarar a tsibirin New York suka kuma raba su da shi. Ashe sunan da aka karɓe daga wata al'umma da aka kora, shi aka ɗauko aka liƙa wa ƙasar wata al'ummar da aka kora. A 1977 masu tallata garin suka ƙara masa laƙabi, Little Apple, watau ƙaramar tuffa, don New York ana mata kirari da babbar tuffa.

Makaranta

Goodnow da abokansa malamai ne da limaman coci, tun da wuri kuma suka gane gari ba ya tsayawa sai da abin da zai riƙe mutane. A 1858 suka sami izinin kafa kwaleji ta ɗarikarsu mai suna Blue Mont. Da Kansas ta zama jiha marar bauta ran 29 ga Janairu 1861, sai garuruwa suka shiga rububin gine-ginen Gwamnati. Mutanen Manhattan suka ce sun ba da kwalejinsu kyauta in za a mai da ita jami'ar Jiha. Majalisar Jiha ta amince, amma Gwamna Charles Robinson, mutumin Lawrence, ya ƙi sa hannu. Daga baya Lawrence ce ta sami jami'ar, Topeka kuwa ta zama babban birni.

Hausawa sun ce hanin Allah baiwa ne. Ran 2 ga Yuli 1862, ana tsakiyar yaƙin basasa, Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a dokar Morrill. Dokar ta ba kowace jiha eka 30,000 na filin Gwamnati a kan kowane wakili da ta ke da shi a Majalisa, don ta sayar ta kafa kwalejin koyar da noma da sana'o'in hannu. Kansas tana da wakilai uku, rabonta ya kama eka 90,000. Filayen nan kuwa su ne waɗanda aka karɓe daga Kaw da sauran al'ummomin asali. Manhattan ta sake miƙa tayinta, wannan karo aka karɓa. Ran 16 ga Fabrairu 1863 aka kafa Kwalejin Aikin Gona ta Jihar Kansas, ran 2 ga Satumba ta buɗe da ɗalibai 52, maza 26, mata 26. Tana cikin na farko da suka fara aiki a ƙarƙashin wannan doka, karɓar mata daidai da maza kuwa abu ne da ba a saba gani ba a lokacin.

Shekara goma na farko sunan noma kawai kwalejin ta ke ɗauke da shi. Shugabanta Joseph Denison da malamansa sun fi ba da ƙarfi ga Latin da Girkanci, irin karatun da su kansu suka yi. Manoma suka yi ta gunaguni, suna cewa ba don wannan aka ba da fili ba. A 1873 aka naɗa John Anderson, ya ture tsohon tsari, ya shigo da sassaƙa da ƙira da ɗab'i da buga waya, da ɗinki domin mata. Waɗansu malamai suka yi tawaye, aka sallame su. A 1875 aka ƙaura zuwa harabar da a ke ciki yanzu. Gardamar nan, ko makaranta ta koyar da ilmi don ilmi ko don abin yi, ba ta mutu ba, kowace jami'a ta kan sake ta a zamaninta.

Bukatar manoma kuwa ta gaske ce. A 1874 fara ta sauko wa Kansas kamar hadari, ta cinye amfanin gona ƙarƙaf, mutane da yawa suka tattara suka koma gabas. Cikin wannan shekara ne wasu manoma 'yan ɗarikar Mennonite suka iso daga Rasha, su ne kuma a ke danganta wa yaɗa wata alkama ja mai tauri wadda a ke shukawa da kaka ta jure sanyin hunturu. Dokar 1887 ta ba kwalejin kuɗin gonar gwaji, ta 1914 ta kafa aikin malaman gona masu bin manoma har gida. A 1910 aka buɗe sashen koyar da niƙan hatsi, a 1917 aka fito da irin alkama mai suna Kanred wanda ya bazu a gonakin Jihar. Da haka kwalejin ta sami gindin zama a zukatan manoma, su ne kuwa masu zaɓen 'yan Majalisar da ke yanka mata kuɗi. Bayan yaƙin duniya na biyu Gwamnati ta biya wa tsofaffin soja kuɗin karatu, ɗalibai suka yi ambaliya. A 1959 aka mai da ita Jami'ar Jihar Kansas.

Bariki da Reluwe da Baƙar Fata

Kamar mil 15 yamma da garin akwai barikin soja na Fort Riley. Ya girmi Manhattan, domin a 1853 aka kafa shi don tsaron ayarin masu ƙaura da fatake da ke bin hanyoyin yamma. Kusancinsa ya kāre Manhattan daga irin harin da aka kai wa Lawrence a 1863, inda mahara masu goyon bayan bauta suka kashe mutum wajen 150. Ya kuma zama kasuwar farko ta manoman kwarin, don soja na bukatar hatsi da nama da harawar dawaki. A nan aka kafa rundunar sojan doki ta bakwai a 1866, wadda George Custer ya ja zuwa yaƙe-yaƙe da al'ummomin asali. Rundunonin sojan doki na baƙar fata su ma sun zauna a nan. Cikin Maris 1918, a sansanin Funston na wannan bariki, aka rubuta wasu daga cikin majinyatan farko na annobar murar nan da ta gama duniya, wadda ta iso har ƙasar Hausa kafin shekarar ta ƙare.

Reluwe ya iso Manhattan a 1866, zirga-zirgar jiragen ruwa a kogin, wadda dā ma ba ta yi ƙarko ba, ta mutu. Yanzu manomi ya iya aika alkama da shanu Kansas City cikin yini guda.

A 1879 dubban baƙar fata suka gudo daga Mississippi da Louisiana da maƙwabtansu, saboda zaluncin da ya biyo bayan 'yanta bayi, suka nufo Kansas don sun ji ƙasar 'yanci ce. Wata ƙungiya daga cikinsu ta sauka a Manhattan. Garin da aka kafa don ƙin bauta ya karɓe su, amma bai daidaita su da sauran jama'a ba. Suka taru a unguwar kudu wajen titin Yuma, a 1904 kuma aka gina wa 'ya'yansu makarantar firamare dabam mai suna Douglass. Ita kwaleji ba ta rufe musu ƙofa ba: George Washington Owens ya sauke karatu a 1899, Minnie Howell a 1901. Shari'ar da ta kai ga Kotun Ƙoli ta haramta wariya a makarantun Amurka a 1954 daga Topeka ta taso, maƙwabciyar Manhattan. Ran 19 ga Janairu 1968 Martin Luther King ya yi jawabi a jami'ar, bai cika wata uku ba bayan haka aka harbe shi.

Ambaliya da Madatsa

Kogunan nan biyu sun sha cin garin. An yi babbar ambaliya a 1903. Wadda ta fi muni ita ce ta Yuli 1951, bayan ruwan sama na makonni, sa'ad da ruwa ya kai zurfin ƙafa takwas a tsakiyar kasuwar garin, ya wuce ya yi wa Topeka da Kansas City mummunar ɓarna.

Tun 1938 Majalisar Amurka ta yarda a datse Big Blue, amma maganar ta kwanta. Ambaliyar 1951 ta tashe ta. A 1952 injiniyoyin soja suka fara gina madatsar Tuttle Creek, kamar mil biyar arewa da Manhattan. Sai dai kwarin da ruwan zai kwanta a kai yana cikin mafi albarka a Kansas, jikokin waɗanda suka share shi suna zaune a gonakinsu. Suka tashi tsaye. Matan kwarin suka yi ƙungiya, suka yi ta rubuce-rubuce, suka je har wurin manyan ƙasa. Hujjarsu ita ce a gina ƙananan madatsai da yawa a saman rafuka, a riƙe ruwa tun inda ya faɗo. A zaɓen 1952 suka kā da ɗan Majalisarsu Albert Cole, suka zaɓi wani dattijon manomi, Howard Miller, wanda ya tsaya a kan ƙin madatsar. Aikin ya tsaya na ɗan lokaci. Amma biranen da ke gangare sun fi su jama'a da kuɗi da murya, aka ci gaba, aka gama a 1962. Garuruwa goma abin ya shafa. Waɗansu, kamar Randolph, aka matsar da su kan tudu, waɗansu, kamar Irving da Garrison da Cleburne, suka shuɗe. Mutum wajen 3,000 suka bar gidajensu.

Madatsar ta tsare Manhattan sau da yawa, wannan ba gardama. Duk da haka a Yuli 1993 tafkin ya cika maƙil, dole aka buɗe ƙofofin gaggawa a karo na farko, ruwa ya shiga unguwannin da aka gina a gindinta bisa amincewa da ita.

Abin da Garin ke Ci

Arzikin Manhattan a kan albashin Gwamnati ya ke tsaye. Jami'a ce babbar mai ɗaukar ma'aikata a cikin gari, bariki kuma, mai fili fiye da eka 100,000 da soja wajen 15,000, shi ne babba a yankin duka. Bayansu sai makarantu da asibiti da ofisoshin gunduma. Kantuna da gidajen abinci da masu gidajen haya duk daga aljihun ɗalibi da soja su ke ci. Kusa da harabar jami'a akwai unguwar kasuwa mai suna Aggieville, wadda ta faro tun ƙarshen ƙarni na 19. Sunan ya fito daga laƙabin da a ke yi wa ɗaliban noma. Ƙidayar 2010 ta nuna rabin mutanen garin ba su kai shekara 24 ba.

Irin wannan arziki yana da daɗi, don fari ko faɗuwar farashin alkama ba su girgiza shi kamar yadda su kan girgiza ƙauyukan Kansas, waɗanda matasansu ke ta gudu. Amma linzaminsa yana hannun wasu. In aka yanke shawara a Washington aka kwashe runduna, sai gidajen haya su zama kango. An ga haka a 1996 da aka mai da hedkwatar Runduna ta Ɗaya Jamus, an kuma ga kishiyarsa a 2006 da ta dawo. Haka ɗalibai: sun kusa 25,000 a 2014, suka ragu zuwa ƙasa da 20,000 a 2022, kowane mai kanti ya ji a jikinsa.

Neman ƙafa ta uku ya sa garin ya shiga takarar samun babban ɗakin binciken cututtukan dabbobi na Gwamnatin Tarayya, wanda zai maye gurbin tsohon da ke tsibirin Plum a Jihar New York. A 2009 aka tabbatar wa Manhattan, aka kashe dala biliyan ɗaya da rubu'i, aka yi bikin buɗewa a Mayu 2023. Ba kowa ya yi murna ba. Waɗansu makiyaya da masana sun ce ajiye ƙwayar ciwon baki da kofato a tsakiyar ƙasar shanu, inda guguwa ke bi, kasada ce. A 2010 wani kwamitin masana ya yi gargaɗi a kan haka, aka sake ƙarfafa tsarin ginin.

Zariya da Dawa

Da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, Jihar Arewa tana da dukiyar shanu da gonaki, amma ƙwararrun 'yan ƙasa kaɗan ne. Cikin shekarun 1960, da kuɗin hukumar Amurka mai ba da taimako ga ƙasashen waje, Jami'ar Jihar Kansas ta ɗauki nauyin taimaka wa Zariya wajen gina tsangayar aikin gona da ta likitan dabbobi. Malamai daga Manhattan suka zauna a Samaru da iyalansu shekara da shekaru, matasan Nijeriya kuma suka tafi Manhattan neman manyan digiri, suka komo suka karɓi aikin. Abin da suka ɗauko ya haɗa da tsarin nan na haɗa koyarwa da bincike da kai ilmi ga manomi, wanda aka yi ta gardama a kansa tun zamanin Anderson.

Kafin haka kuwa Afirka ta riga ta ba Kansas nata. Dawa amfanin gonar Afirka ce, a ƙarni na 19 ta shiga gonakin Amurka, wani irinta mai suna feterita daga Sudan aka kai shi a farkon ƙarni na 20. Da ya ke tana jure fari, ta karɓi ƙasar, har Kansas ta fi kowace jiha nomanta, ko da ya ke can abincin dabbobi ce galibi, ba ta tuwo ba. A 2013 aka kafa cibiyar binciken dawa da gero a jami'ar, ta yi aiki tare da masana na Nijar da Senegal da Habasha. A 2025 Gwamnatin Amurka ta rushe hukumar taimakon, waɗansu ayyukan da jami'ar ke gudanarwa da kuɗinta suka tsaya.

Kammalawa

Wanda ya bi wannan tarihi zai ga Manhattan ba sa'a kaɗai ta raya ta ba, ko da ya ke jirgi ne ya kafe aka sami jama'a, Gwamna kuma ya ƙi sa hannu aka sami kwalejin da ta fi dacewa da ƙasar. Mutanenta sun san abin da za su nema wurin hukuma, sun kuma nace har suka samu: kwaleji a 1863, madatsa a 1962, ɗakin bincike a 2009. Kowane samu kuwa akwai wanda ya biya. Kaw sun biya da ƙasarsu da harshensu, manoman kwarin Big Blue sun biya da gonakinsu da garuruwansu. In ruwan tafkin Tuttle Creek ya ja baya a shekarar fari, a kan ga harsashin waɗansu gine-gine na garuruwan da ya cinye, jikokin masu su kuma su kan je su duba.